Binsey, tudun da masu yawon ƙafa ke wucewa

A can ƙarshen arewacin yankin Lake District na ƙasar Ingila akwai wani tudu mai suna Binsey, wanda tsayinsa mita 447 ne kacal, kuma yana tsaye shi kaɗai, nesa da sauran duwatsun yankin. Yawancin masu yawon ƙafa ba su cika kula shi ba, domin hankalinsu yana kan Skiddaw mai mita 931 ko Scafell Pike mai mita 978, alhali kuwa Binsey yana cikin tuddai 214 da Alfred Wainwright, marubucin littattafan jagora ga masu hawan duwatsun yankin, ya bayyana a littattafansa.

A ganina wannan kaɗaicin shi ne darajarsa. Tun da babu wani dutse a kusa da zai tare wa mutum gani, wanda ya kai ƙololuwa zai hangi tafkin Bassenthwaite da Skiddaw ta wajen kudu, idan kuma ya juya arewa a ranar da sama ta washe, zai ga mashigin tekun Solway da dutsen Criffel na ƙasar Sikotilan. A saman akwai tarin duwatsu na wani tsohon kabari, da ginshiƙin masu awon ƙasa, da 'yan katangun dutse da aka jera don fakewa daga iska.

Hanyar da ta taso daga Binsey Lodge, wani gida da ke gindin tudun, ciyawa ce, ba ta da tsauri, kuma mai matsakaicin ƙarfi zai hau cikin ƙasa da awa ɗaya. Sai dai iskar saman tana da sanyi ƙwarai, don haka rigar sanyi ta zama dole ko da a watan Yuli, wanda lokacin zafi ne a can.