Wasiƙa daga Kanada: tsohuwar motar da ke mutuwa da sanyin safiya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Gaisuwa daga Winnipeg, inda sanyin Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, har sai an jona mota da lantarki injinta ya kwana da ɗumi. Maganata kan ciwon da ke kama tsofaffin motocinmu da hunturu ne, a Jos ko Kano: ka tada ta da asuba, ka ɗaga ƙafa daga totur ta mutu, amma da inji ya yi zafi sai ta koma lafiya lau.

Don Allah kada ku tuƙa ta zuwa gareji da hantsi. Kafin ku isa ciwon ya ɓuya, bakanike kuwa sai ya hau canki-canka, yau fulogi, gobe famfon mai. Ku bar ta ta kwana a wurinsa, a tada ta a gabansa.

Fetur ba ya saurin zama tururi a inji mai sanyi, shi ya sa injin yake neman ƙarin mai. A mota mai kafireto, cok (murfin da ke rage iskar da ke shiga inji) ke wannan aiki. A leƙa a ga ko ya rufe. A mai injekta, ƙwaƙwalwar mota tana jin labarin sanyi ne daga sensan zafin ruwa. In ya yi mata ƙarya cewa inji da zafi, sai ta rage mai. Mitar gwajin lantarki ke tona asirinsa: a motoci da yawa yakan nuna ohm 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen 300 in inji ya yi zafi.

Ku kuma sa ido kan allurar da ke nuna juyin inji a minti. Lafiyayyar mota takan fara silo sama da 1,000, sannan ta sauko wajen 750. In ba ta tashi ba, yawanci baƙin datti ne ya toshe bawul ɗin silo (mai ba inji iska in ba a taka totur ba), wanki kawai yake so. Tsagaggen tiyon iska ma na haddasa wannan. Kasa kunne, za ka ji shi yana huci.

Motocin Amurka daga 1996 suna da soket ɗin kwamfuta a ƙasan sitiyari. Kafin a tada inji, a jona kwamfuta a duba zafin ruwa da na iska; motar da ta kwana, ya kamata su yi kusan daidai.

Masu murɗa silo sama kuwa, rufa-rufa suke yi, ga shan mai. Haka cire tamostat (bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi) da wasu bakanikanmu suka mayar al'ada: inji sai ya daɗe bai ɗau zafi ba, wahalar safiyar ta ƙara tsawo. Wanda aka cire wa, ya sa a mayar.

A gaida mutanen gida.