GR86 mai zuwa: kowa na kiran turbo, ni dai a ɗaga mata ciki

Duk mai bin labarin motoci a waya ya san gardamar da ake tafkawa akan Toyota GR86, ƴar ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu, kullum zancen ɗaya ne, wai wadda zata fito nan gaba dole a sa mata turbo, wato na'urar nan da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Turawa nayi, ƴan Japan nayi, har mu da muke zaune gindin darbejiya a bakin titin Ringim muna taya su, alhali duk yankin nan ko ɗaya babu mai ita. Toh nima bari in tofa albarkacin bakina tunda hasashe kyauta ne.

Motar nan dai a 2012 ta fara fita, haɗin gwiwa ne tsakanin Toyota da Subaru, su Subaru suna kiran tasu BRZ, Toyota kuma 86, a Amurka aka manna mata suna Scion FR-S har zuwa 2016 da Toyota ta rufe reshenta na Scion ɗin. Duka a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake haɗa su. Lamba 86 ɗin daga tsohuwar Corolla AE86 ta shekarun 1980 aka ɗauko, wadda itama tayoyin baya ne ke tura ta. Kuma manufar tun farko ba gudu bane, so ake a samu mota mara nauyi, mai jan baya, mai giyar hannu, wadda matashi mai albashi a can zai iya saya. Har tayoyin da aka sa wa ta farkon siraran nan ne irin na Prius, da gangan, don ƙugunta ya riƙa zamewa a kwana ba sai ka kai gudun mutuwa ba. Ƴan wasan mota na gidan biki zasu gane me nake nufi.

Inda ƙorafi ya samo asali shine injin farko, mai lita 2.0, ƙarfin doki wajen 200. A takarda ba laifi, amma in allurar injin ta kai wajen dubu huɗu sai ƙarfin ya ɗan lafa, ka taka totur kaji kaman tana tunani, sai can sama ta farfaɗo. Mutane sukai ta surutu shekara da shekaru. Da aka fito da ta biyu a 2021, wadda ita ce GR86, sai aka ƙi sa turbo, aka faɗaɗa injin ya koma lita 2.4, doki 228 a lissafin Amurka, ƙarfin ja (wato torque, a ma'aunin Nm) ya tashi daga 205 zuwa 250, kuma yana zuwa da wuri tun allura na 3,700. Wato an gyara ainihin abinda ake kuka dashi. Amma ɗan adam, ana gama wannan aka koma waƙar turbo.

Kuma gaskiya masu wannan hasashe ba daga sama suka tsinto ba. A 2022 Toyota ta shiga gasar tseren Super Taikyu ta Japan da wata GR86 da aka cire mata injin Subaru aka dasa mai silinda uku da turbo, lita 1.4, ɗan gidan injin wata ƙaramar motarta GR Yaris. Sannan a bajekolin SEMA na 2024 a Las Vegas suka nuno wata da suka sa wa injin GR Corolla mai doki 300, tayoyi huɗu duka suna ja, an yi mata fenti irin na Celica ɗin da ta riƙa cin Safari Rally a Kenya. Kamfani baya kashe kuɗi irin wannan don nishaɗi kawai. Ni hasashena shine in dai za'a yi ta uku, injin Toyota ne zai shiga ba na Subaru ba, kuma da wuya a rabu da ɗan batir na hayibirid, wato inji mai haɗa fetur da lantarki, saboda dokokin hayaƙi, Turai ma ai shekara biyu kacal aka sayar da GR86 aka tsaya a 2024 don sababbin dokokin kariya sun fi ƙarfinta.

To amma mu fa? Mu ba sabuwa muke saya ba, kowa ya sani. Motar da aka ƙera bana sai ta yi shekara takwas, goma, wani a Amurka ya buga ta, inshora ta yi gwanjonta, sannan ta hau jirgi ta sauka Legas, fanalbita ya miƙe ta, ta iso Kano. Irin ta Amurka ɗin ce ke mana amfani don ta Japan da ta Ingila sitiyarinsu a dama yake. Saboda haka duk abinda injiniya zai ƙara mata yau, bakaniken Ƙofar Ruwa ne zai ci karo dashi bayan shekara goma, lokacin ya tsufa ya fara ciwo. Ta wannan idon nake kallon turbo, shi yasa bana ɗokinsa.

Turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, zafi yake yi ba na wasa ba, kuma baƙin mai ne ke sanyaya shi yana masa santsi. Injin motar nan ko ba turbo siririn mai 0W-20 aka rubuta masa. Mu kuwa anan mutum zai je a juye masa mai kauri daga durom, wanda ba'a san asalinsa ba, ya yi wata shida bai waiwaye shi ba. Ga zafin watan Afrilu da ke haura 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska da lagireto. Sai maganar fetur, wadda ita ta fi damuna ma, don injin yanzu matsinsa 12.5 ne, fetur mai daraja ta sama yake so, a can gidan mai zaka tarar da kala biyu ko uku ka zaɓa, mu nan bututu ɗaya ne kowa da kowa, mai Golf da mai babur da mai janareta, in kuma dare ya yi maka a hanyar Taura sai ƴan bumburutu da galan ɗinsu, Allah kaɗai ya san me aka sirka. Injin da ba turbo zai yi haƙuri da wannan, kwamfutarsa ta rage masa ƙarfi ya lallaɓa. Mai turbo haƙurinsa gajere ne.

Na taɓa ganin FR-S ɗin ido da ido a wajen wasu dillalan mota a Kano, fara ce, an ɗan taɓa gefen hagu da fenti. Dillalin ya buɗe min bonet, injin a kwance yake shimfiɗe can ƙasa, silinda biyu dama biyu hagu, filtar mai tana nan sama a gabanka, da hannu ma zaka kai, wannan kam sun kyauta. Amma da na leƙa neman filogi sai na ga suna can gefe a matse da jikin ƙarfen motar, dole sai an ɗan ɗaga injin kafin a samu sararin ciro su yadda ya kamata. Na durƙusa na kalli cikinta, ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare, tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, tafin hannuna a tsaye ya kusa cike wurin. Daga Gezawa zuwa garinmu kuwa kowane ƙauye da tudunsa na rage gudu, wasu mutanen gari ne suka gina abinsu da kansu bayan an kaɗe musu yaro, ba ruwansu da awo. Kafin ka iso gida ka bar rabin salansa a hanya, in ba'a yi sa'a ba har tukunyar baƙin mai.

Shi yasa in da za'a tambaye ni gyaran da nake so, cewa zanyi a fito da wani samfuri da aka ɗaga shi ko da santimita biyar ne, a sa masa shokozoba mai dogon zango, faranti a ƙasa mai kare injin, da taya mai ɗan kauri da zata sha burji da yashi. Ba mafarki bane, Porsche ta yi wa 911 haka ta kira ta Dakar, guda 2,500 kawai ta ƙera kuma masu kuɗi suka wawashe. Subaru kuma da tseren daji aka san ta, in akwai masu iya wannan aikin da araha to su ne. Mota mai jan baya mara nauyi akan hanyar burji bayan an ɗan yi yayyafi, haba, wannan daɗin ya fi ƙarin doki saba'in da baka da titin da zaka sake su.

Da na nuna wa kawuna hotonta, tsohon direba ne da ya yi zamani da Fijo 504 a layin Haɗejia, kallo ɗaya ya yi ya miƙo min wayata yace, "Kai yaro, wannan ina ake sa buhu?" Nace Kawu ai kujerar baya kwantawa take, taya huɗu ma suna shiga, da haka kamfanin yake tallarta. Yace to fasinja fa? Nace Kawu ba ta haya bace. Yace to ta me ce, ya juya ya cigaba da jin rediyonsa. Amma da na ce masa jan baya ce irin 504 sai ya sake karɓar wayar ya ƙura mata ido, yace in dai haka ne zata yi daɗin kwana.

Saura kuɗi. Da GR86 ta fito a Amurka farashinta ya fara ne daga wajen dala dubu 28, wanda su a wajensu araha ne, mu kuwa in ka buga dala a naira 1,500 miliyan 42 kenan tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan. A ƙara turbo, a ƙara na'urar sanyaya iskarsa, dole a ƙara girman birki da kuloci da taya, a ɗora batir, nauyin da yake wajen kilo 1,270 yanzu ya haura, farashi ya bi shi, sai ta tashi daga motar matasa ta koma ƙanwar Supra, motar gudun Toyota mai tsada. Mazda MX-5 tun 1989 ake yinta, an sayar da sama da miliyan ɗaya, ta yanzu dokinta 181 ne kuma ba turbo, ba wanda ya ce ta gaza. Kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta ninka ta sake ninkawa, duk wanda zai sayi motar wasa a Jigawa sai ya fara tambayar shan manta kafin gudunta.

Abu ɗaya da zai sa in goyi bayan canjin injin shine in Toyota ta sa wanda take zubawa a motocinta na yau da kullum, yadda gobe in fanfon ruwa ya mutu zaka shiga Ƙofar Ruwa ka fito dashi a leda, maimakon na Subaru da sai an yi odar sa ka jira sati uku mota na kan jak. Sannan dan Allah a bar mana giyar hannu, duk abinda za'a canza a canza amma a bar kuloci a inda yake.