Kwana bakwai na jira: abin da Steemit da Hive suka koya mini

A tsakiyar 2017 na buɗe shafina a Steemit, lokacin da ake tsananin ɗokinsa. Abin da ya ja kowa shi ya ja ni: an ce ga dandalin sada zumunta da aka gina a kan fasahar bulokcen, wato kundin bayanai da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa a tare, ka yi rubutu, jama'a su kaɗa maka ƙuri'a, bayan kwana bakwai a biya ka da kuɗin kirifto. Ned Scott da Dan Larimer ne suka kafa shi a 2016, kuma ranar 4 ga Yuli na shekarar aka yi rabon farko, inda wasu suka wayi gari da dubban daloli saboda rubuce-rubucen da suka tara a watannin baya. Wannan labari ya yi yawo sosai. Duk wanda ya saba zuba basirarsa kyauta a wasu dandali, masu dandalin na kwasar ribar talla, dole maganar ta shige shi.

Ban daɗe ba na gane yadda rabon yake. Kullum ana ƙirƙiro sababbin kuɗin STEEM a zuba su cikin asusun lada, ƙuri'un jama'a kuma su ke yanke wa kowane rubutu kasonsa. Sai dai ƙuri'a ba ɗaya take ba. Nauyin ƙuri'arka gwargwadon jarin da ka kulle ne, wanda ake kira Steem Power. Mai babban jari idan ya taɓa rubutunka sau ɗaya, ya fi mutum dubu irina da suka taru suka yaba. Har suna muke da shi: manyan kifaye da ƙananan kifaye. Ni ƙaramin kifi ne, kuma na daɗe a haka.

Akwai wata 'yar lamba da ke ƙarƙashin kowane rubutu, mai nuna abin da za a biya ka idan kwana bakwai suka cika. Ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta hau idan an kaɗa maka, ta sauka idan farashi ya motsa ko wasu sun ja kaso mafi girma daga asusun. Wannan lamba ita ce malamata ta farko a wurin, kuma mummunar tarbiyya ta yi mini. Na fara duba ta kafin in duba ko wani ya ce wani abu. Daga nan na fara lura da abin da manyan kifaye ke so, da lokacin da suke farke, in jera rubutuna daidai da haka. Wata rana na karanta wani abu da na rubuta makonni uku baya, na rasa muryata a ciki. Babu ƙarya a rubutun, amma ba don mai karatu na yi shi ba, don mai nauyin ƙuri'a na yi.

Sannan aka shiga zamanin sayar da ƙuri'a. Wasu masu jari suka kafa na'urori masu kaɗa ƙuri'a da kansu: ka tura kuɗi, ka liƙa adireshin rubutunka a saƙon, bayan kamar awa biyu da rabi idan ƙarfin ƙuri'ar na'urar ya sake cika, domin kowace kaɗawa tana rage shi, sai ta raba shi tsakanin waɗanda suka biya. Shafin rubutun da ke tashe ya cika da abin da masu shi suka saya wa kansu matsayi. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Ina tuna wani rubutu da na kashe masa kuɗi har lambarsa ta yi kyan gani, na zauna ina jiran muhawara. Sharhi shida na samu. Biyar daga na'urori suke, suna sanar da ni cewa sun kaɗa mini. Na shidan kalma biyu ce ta yabo daga wanda a fili bai karanta ba, shi ma ƙuri'ata yake nema. Abin ya tsaya mini a rai kwanaki. Na biya kuɗi don in ga kamar ana saurarona, alhali ɗakin babu kowa.

A watan Janairun 2018 farashin STEEM ya kai wajen dala 8. Kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da rabin dala. A watan Nuwamba kamfanin Steemit ya sanar da sallamar kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatansa. Daga nan aka fara watsewa.

Yadda ake tafiyar ne ya fi taɓa ni. Ba a sallama. A bulokcen komai a buɗe yake, kowa na iya leƙa asusun kowa. Mai son fitar da jarinsa sai ya danna a fara sauke masa, a riƙa sako masa kashi-kashi har mako goma sha uku. To, sai ka ga abokin da kuke musayar sharhi kullum ya yi shiru, ka leƙa asusunsa, ka tarar ya fara saukewa. Ka san lissafin: saura mako kaza ya tafi gaba ɗaya. Da farko nakan ji haushi, kamar an ci amanar wani alkawari. Daga baya na fahimci babu alkawarin da aka yi. Mutum yana da iyali, yana da buƙatu, ya zo ne don abin da aka ce zai samu, abin ya ragu, ya kama gabansa. Ban ƙara ganin laifin kowa ba, kuma wannan na cikin abubuwan da na fi godiya da na koya.

Da kasuwa ta watse sai aka ga masu zaman gaskiya. Mun ragu sosai, har kusan kowa ya san kowa. Akwai wata baiwar Allah a wata nahiya da ke rubutu a kan lambunta, wane iri ya tsiro, wane ƙwari suka cinye. Akwai wani dattijo mai ɗaukar hoton tsuntsaye, wanda ƙuri'arsa ba ta kai komai ba amma ba ya barin rubutuna sai ya karanta har ƙasa, ya nuna mini inda hujjata ta yi rauni. A shekarun da lambar ta zama abin da ba ya sayen komai, sharhi ya yi tsawo, gardama ta yi ma'ana. A lokacin ne na iya bambance ƙuri'a da mai karatu. Na shafe fiye da shekara ina haɗa su wuri ɗaya.

An yi ƙoƙarin gyara. A watan Agustan 2019 aka sauya dokokin rabo: marubuci ya ɗauki rabi, masu kaɗa ƙuri'a su raba rabi, maimakon kashi ɗaya cikin huɗu da suke samu a da, aka kuma ba kowa damar kaɗa ƙuri'ar ragewa, mai rage ladan rubutu, ba tare da ta ci masa ƙarfin ƙuri'ar yabo ba. Cinikin ƙuri'a ya ja baya ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma sai ƙuri'ar ragewa ta zama makami a hannun wasu, masu jari biyu su yi rigima, ƙananan da ke kusa da su su sha duka. Ina girmama masu rubuta dokokin nan, sun yi aiki da gaske. Abin da na gani dai shi ne duk ƙofar da lissafi ya toshe, son zuciya yakan sami taga.

Sai 2020. A watan Fabrairu aka sanar cewa Justin Sun, wanda ya kafa wani bulokcen mai suna Tron, ya sayi kamfanin Steemit, tare da ɗimbin jarin da kamfanin ya tara tun farkon kafa bulokcen ɗin. A tsarinmu, mutum ashirin da suka fi samun ƙuri'a, waɗanda muke kira shaidu, su ke tabbatar da ma'amaloli, su kuma ke amincewa da duk wani sauyin doka. Shaidun suka ji tsoron a yi amfani da wancan jari a ƙwace ragama, suka daskarar da shi. A farkon Maris wasu manyan kasuwannin musayar kirifto suka yi amfani da kuɗin da abokan cinikinsu suka ajiye a wurinsu, suka kaɗa ƙuri'a, aka sauke shaidun nan ashirin a dare ɗaya. Na tuna yadda muka kwana muna kallon jerin sunayen, kowa na kiran kowa ya zo ya kaɗa 'yar ƙuri'arsa, suna ɗaya ya hau, wani ya sauka. Ranar 20 ga Maris jama'a suka ɓalle suka kafa Hive. Aka kwafi tarihin gaba ɗaya: sunana, rubuce-rubucena, makullan sirrin da nake shiga asusuna da su, duk na same su a sabon gida yadda na bar su.

Shekaru muna alfaharin cewa dandalinmu ba shi da mai shi. Waɗannan makonni suka nuna mini cewa inda iko ke bin jari, wanda ya fi jari shi ne mai gida, ko da takarda ba ta faɗa ba. Suka kuma nuna mini abin da ban taɓa gani a wani dandali ba: mutane su tattara tarihinsu su tashi tare, ba wanda ya isa ya riƙe musu kaya. Har yau idan na tuna, raina yana yin fari.

Ƙaurar ba ta dawo da cunkoson da ba. Na gayyato abokai da yawa, mafi yawansu ba su yi wata guda ba. Ina ganin inda suke tuntuɓe. Ranar farko a miƙa wa mutum makullai huɗu, kowanne da aikinsa, a ce idan ya ɓatar da babban babu ofishin da zai je a mayar masa. Ya yi sharhi kaɗan a ce ƙarfin asusunsa ya ƙare, ya jira ya cika. Ya yi rubutun farko da zuciya ɗaya, kwana bakwai su wuce ba wanda ya tanka. Mu da muka daɗe mun manta da zafin wannan shiru. Laifina a nan shi ne da kuɗi nake gayyatarsu, irin gayyatar da aka yi mini. Wanda ka kira da kuɗi, ranar da bai ga kuɗi ba ya gama da kai. Na daina. Yanzu idan zan kawo mutum, nakan gaya masa cewa wuri ne ƙarami, mutanensa kaɗan, lada ba tabbas, amma ni zan karanta abin da ya rubuta. Kuma ina karantawa.

Akwai tambayar da na daɗe ina gudu: don ƙauna nake zaune, ko don ba na son in yarda cewa shekarun da na zuba ba za su dawo da abin da na yi tsammani ba? Da na zauna da kaina tsakani da Allah, na tarar duka biyun suna nan. Sai na raba su. Na sauke wani ɓangare na jarina, ina sane da cewa kowa zai gani a asusuna kamar yadda na riƙa ganin na wasu. Na daina cewa farashi zai tashi, domin ban sani ba, kuma faɗin hakan ya taɓa sa wani ya riƙe abin da ya kamata ya sayar. Abin da ya rage bayan nan shi ne rubutun da mutanen, kuma na ga sun ishe ni dalilin zama.

Wani abu kuma da wurin ya dasa mini shi ne taka-tsantsan da kalma. Abin da ka rubuta a bulokcen ba ya gogewa. Kana iya gyarawa, amma na farkon yana nan ga duk mai son tonowa. Akwai martanin da na yi cikin fushi a 2018 wanda har gobe yana nan da sunana. Tun daga shi, idan raina ya ɓaci nakan bar amsa ta kwana.

Makon jiya na yi rubutu a kan yadda ya kamata mu riƙa karɓar sababbin shiga. Da kwana bakwai suka cika ban ma duba nawa ya kawo ba sai daga baya. Mai lambun nan ce ta fara amsawa, da sharhi mai tsawo, ta ce ba ta yarda da rabin maganata ba, ta kawo dalilanta ɗaya bayan ɗaya. Dattijon tsuntsaye ya shigo ya goyi bayanta a biyu, ya goyi bayana a ɗaya. Na ɗauki lokacin da ya fi na rubutun kansa ina shirya mata amsa, kuma a tsakiyar amsar na ga ita ce da gaskiya a kan maganar makullai, na koma na gyara.