Godiya Bayan Kammala Sauya Allon Bayan Peugeot 504

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kammala sauya allon baya na Peugeot 504 salun ɗin nan, wato allon da ke kwance tsakanin jinginar kujerar baya da gilashi, inda ake ajiye hula. Motar haɗin Kaduna ce, daga masana'antar Kakuri da ta fara harhaɗa Peugeot a 1975. Mota mai waɗannan shekaru da wuya a samo mata sabon allo a kanti, sai dai a yanka. Shi ya sa aikin ya bi ta hannun mutane da dama, kuma kowanne ya cancanci a ambace shi.

Godiya ta farko ga malam mai gilashi. Shi ya hana a taɓa allon sai an gano abin da ya kashe tsohon. Rana takan gasa allo ya lanƙwashe, amma wanda ya kumbura yana marmashewa a kusurwa, ruwa ne ya ci shi. Ya sa aka zuba ruwa a kan gilashin daga waje, mutum ɗaya na cikin but da tocila, sai ga ɗigo ta kusurwar ƙasa inda robar ta tsage. Ya cire gilashin, ya sa sabuwar roba, ya mayar da shi da igiya kamar yadda ake yi wa motocin da. Da an tsallake wannan, damina ɗaya ta isa ta lalata sabon allon.

Sai maigida mai walda. Ƙarƙashin allon akwai farantin ƙarfe na jikin mota, kuma nan tsatsa ke ɓuya. Ya kankare da buroshin waya har ƙarfe ya fito fes, ya yanke wajen da ya huje ya yi faci, ya shafa fentin hana tsatsa shafi biyu. Kafin ya kunna wuta sai da ya cire kan batir, aka fitar da kujera da duk wani soso, ya kuma tabbatar babu warin fetur a but. Allah ya ƙara basira.

Mai ɗinkin kujeru shi ya ɗauki kaso mafi tsoka. Ya fara cire mazaunin kujerar, sannan jinginar, don ita ke danne bakin allon. Masu fizgo shi ta sama su ke karya maƙalai. Tsohon allon, duk da ya ruɓe, bai yar ba. Ya shimfiɗa shi a kan kwali ya zana, ya gwada kwalin a mota ya rage inda ya yi yawa, sannan ya yanka falankin filawud mai kaurin milimita 4. Wanda ya fi haka kauri ba ya shiga ƙarƙashin leɓen roba, siriri kuma yakan lotsa. Ya shafe shi da banish ciki da baya har gefuna, ya shimfiɗa soso mai milimita 5, ya ɗora yadi ya bar rarar santimita 3 ta kowane gefe don naɗewa. Wajen gam ne ake gane gwani: a shafa wa ɓangarorin biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe. Kuma gam ɗin ya zama mai jure zafi, domin bayan gilashi a watan Afrilu tanda ne, gam mai araha sakin yadin yake yi ya yi ƙulu-ƙulu. Shawararsa ce aka sa baƙin yadi marar sheƙi, ba leda mai walƙiya ba, wadda hotonta ke fitowa a gilashi ya hana direba ganin baya. Wasu sun so ja don ado. Mun bi ta tasa.

Mai wayarin ma mun gode. Ya ɗaure lasifikun a jikin ƙarfe, ba a jikin allon ba, don nauyinsu da girgizar hanya ke tsaga katako. Ya sa roba a kowane ramin da waya ta ratsa, ya liƙa siririn soso ƙarƙashin allon saboda kada ya riƙa ƙara a kan gargada.

Ba mu manta da 'yan Panteka ba, da suka tona tarin tsofaffin kaya suka samo maƙalai da kusoshin jingina na asali, da yaran gareji da suka riƙe gilashi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a sana'a.

Kwalin da aka yi zanen da shi yana nan an adana. Mai 504 salun da ke buƙata ya zo ya kwafa, amma ya gwada a motarsa kafin ya yanka katako, don tsohuwar mota da ta sha gyaran jiki ba lallai awonta ya zo daidai da na wata ba.