Yasar kwata kafin ruwan fari

Garinmu yana ƙasar Ringim, ba nisa da kogin Haɗeja, kuma ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu, muƙamin da ba shi da albashi sai riƙon littafin karo-karo da shan ƙorafi. Duk shekara idan bazara ta kankama, zafi ya kori kowa daga ɗaki zuwa tsakar gida, mai unguwa yakan aiko a kira mu kan maganar yasar kwata. Tun bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a faɗin Jigawa, babu mai ɗaukar kiran nan da wasa.

Shekarar farko da aka ɗora mini jagorancin gayyar, abin da na taso na gani shi na yi. Aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ranar Asabar kowa ya fito da shebur da diga ya yashe ƙofar gidansa. Kafin azahar lungu ya yi fes. Muka tara yashi da baƙar ƙasa da ledojin fiya wata tsibi-tsibi a bakin kwata, wai sai gobe a kwashe. Goben nan ba ta zo ba. Awaki da kaji suka baza rabi, ruwan fari ya sauko da dare ya mayar da sauran inda muka fito da shi.

Wannan ma da sauƙi. Da yake mun buɗe kwatocin sama, ruwa ya samu hanya ya gangara da ƙarfinsa, ya tarar da kwalbatin bakin kasuwa a toshe, sai ya juya cikin gidajen da ke gangare. Katangar wata tsohuwa ta zube. Da hannunmu muka tura mata ruwan.

Washegari wani dattijo, wanda ya yi aikin leburan hanya a ƙuruciyarsa, ya same ni ina tsaye ina kallon ɓarnar.

"Ɗana, ruwan da kuka kora daga ƙofar gidajenku, ina kuka ce masa ya je?"

"Kwata mana, Baba."

"Ita kwatar ina ta nufa?"

Na yi shiru. A garin aka haife ni, amma ban taɓa bin kwata daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Ya sa ni gaba har bakin kududdufi, tsohon ramin da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, wanda shi ne ke shanye ruwan rabin gari. Mashigarsa ta cika da shara, har an fara kafa harsashin gini a gefensa. Baba ya ce yasa daga ƙasa ake fara ta a hauro sama, don duk inda ka buɗe ya zamana gabansa a buɗe yake.

Da shekara ta zagayo haka muka yi, tun cikin Afrilu. Asabar ta farko ba wanda ya taɓa ƙofar gidansa, abin da ya jawo mini gunaguni ba kaɗan ba, domin mutum ya fi son ya yi gumi inda matarsa za ta gani. Muka buɗe bakin kududdufi, sannan muka koma kan kwalbati, inda ainihin wahalar take. Sai siriri a cikinmu ke iya rarrafawa ciki, da tocila da takalmin roba, bayan an zungura doguwar gora saboda maciji da kunama. Mun fito da tsohuwar katifa da tayar babur da fasassun kwalabe, amma abin da ya fi yawa yashi ne da leda. Ledar ke fara sarƙewa, yashin da ruwa ya kwaso daga lunguna ya taru a bayanta, rana ta gasa shi har sai an sa diga.

Kwashewa kuwa, manoma suka raba mu da ita. Muka gaya wa masu amalanke cewa duk wanda ya tsince leda, baƙar ƙasar tasa ce ya kai gona. Kafin la'asar ko tsibi ɗaya bai rage ba.

A kan hanya ma Baba ya gyara mana hannu. Da can kowace irin ƙasa muke zubawa a rami, ruwa biyu ta zama taɓo. Yanzu marmara muke saye da kuɗin karo-karo, a zuba kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe, kuma a bar tsakiyar hanya da ɗan doro don ruwa ya zame gefe. A filin Idi kuma mukan sassabe busassun rassan darbejiya kafin iskar farkon damina ta karya su a kan mutane. Dashen sababbi sai ruwa ya zauna, kuma da shingen ƙaya, in ba haka ba akuya ce za ta gode.

Ana sallame asuba muke farawa, hantsi na ɗagawa mu tashi, don ranar bazara ba ta san jarumi ba.

Katangar tsohuwar nan mu muka sake gina mata. Har yau duk ranar gayya takan aiko jikanta da kunun tsamiya, da saƙon cewa a tambayi sakatare ko bana ma ta kwashe kayanta.