Basilla a hannu, haƙƙi a wuya

Kakana baduku ne. Mahaifina bai gaji sana'ar ba, ni kuma aka sa ni lakwal, na zama malamin lissafi a wata kwaleji nan Tahoua. Abin da na samu daga tsohon bai wuce basilla guda ba, da wata ƴar wuƙa mai ƙotar icce da ta yi santsi saboda gumin hannunsa. Sai bayan na yi aure na buɗe tsumman da aka naɗe su ciki, na sayo fatar akuya jemammiya a kasuwar Lahadi, na ce bari in gwada kube. Kuben ya karkace, ɗinkin ya yi gwari-gwari, amma daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Duk wanda ya taɓa ƙera abu da hannunsa ya san abin da nake nufi.

Ƙannena, na san da yawanku kuna da irin wannan abin. Wani zane yake yi, wata labari take rubutawa a waya, wani waƙa, wani haɗa bidiyo, wata saƙa. Ba zan ce ku bari ba, don na taɓa bari kuma na ga abin da barin ya yi mini. Abin da zan gaya muku shi ne yadda na riƙa biyan kuɗin sha'awata da lokacin wasu mutane, ba tare da na tambaye su ba.

Da farko dare nake ɗauka. Bayan lisha, yara sun kwanta, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in kunna fitila. Na ce wa kaina dare nawa ne, ban tauye kowa ba. Ashe daren ma ba nawa ba ne, na yaran da zan tsaya gabansu ne da ƙarfe 8 na safe. Wanda ya kwanta ƙarfe 2 ba ya iya bayanin lissafi ga yara fiye da 70 cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Sai in cika allo da aiki in zauna. Takardun gwaji suka taru cikin jakata har mako uku ban duba ba, alhali ajin na masu shirin BEPC ne, jarrabawar ƙarshen kwaleji. Wata rana bayan an tashi, wata yarinya mai natsuwa ta tsaya bakin ƙofa, ta kira ni yadda ƴan lakwal ke kiran malami, ta ce, "Mushe, in ba a ba mu takardunmu ba, ƙaƙa za mu san inda muka yi kure?" Ba ta ɗaga murya ba. Na dubi yatsuna, duk sun yi ja da rinin karan dafi, na rasa abin faɗi.

Ban farka ba a lokacin. Na gyara takardun a daren, na koma ruwa.

Daga ɗinki sai na zarce jima, kuma nan ne ƙafata ta zame sosai. Na ce ai baduku na gaske ya kamata ya san fata tun daga jikin dabba. Fatar jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato sananniya ce tun zamanin ayari, ita ce ake ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don daga can take isa hannunsu. Ina karanta irin wannan tarihi sai kaina ya kumbura, na ga ni ma zan iya. Da Babbar Salla ta zo, fatun layya suka yi araha, na bi unguwa na tara 20. Kuɗin da na saye su da gishiri da baho biyu da buhun bagaruwa, daga kuɗin da muke ajiyewa ne don sayen hatsi da kaka. Ban gaya wa maiɗakina ba. Na ce zan mayar kafin ta lura.

Jima kuwa ba ta san uzuri ba. Ana jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, a fitar a kankare a kan gungume, a wanke, a sa ta cikin ruwan bagaruwar da aka daka, ana juyawa ana murzawa, sannan a shafa mai a shanya a inuwa. Kowane mataki da lokacinsa. In ka bar ta ta wuce kwanakinta cikin toka, sai ta yi laushin banza, ka ja ta ta yage kamar takarda. Majemi yana iyawa ne don nan yake wuni. Ni kuwa ina aji. Cikin 20 ɗin, 6 kaɗai suka fita. Sauran suka ruɓe a baho, wari ya cika gida har maƙwabta suka aiko. Da kaka ta zo babu kuɗin hatsi, muka koma sayen tiya-tiya, har cikin damina lokacin da farashi ke kai ƙololuwa. Wanda ya san Adar, wato yankinmu na Tahoua, ya san bambancin mai sayen buhu a watan Nuwamba da mai sayen tiya a watan Yuli. Ranar da ta gano inda kuɗin suka tafi, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, da ka tambaye ni ai da ban hana ka duka ba." Wannan maganar ta fi zagi zafi, don gaskiya ce. Ba fatun ne suka ɓata mata rai ba, ɓoyewar ce.

Akwai kuma abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Damina ce, watan Agusta, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwantar da yara gida-gida. Ɗiyata tana da shekara 3. Tun hantsi jikinta ya yi zafi. Uwarta ta ce mu kai ta asibiti bayan azahar. Ni kuma na riga na jiƙa karan dafi da ruwan kanwa, rinin ya nuna, ya yi ja jawur irin wanda na daɗe ina nema, fatu biyu suna shimfiɗe. Na ce ta ba ta magani, in na gama shafe na biyu mu tafi. Shafe na biyu ya kira na uku. La'asar ta yi, magariba ta yi. Ina wanke hannu na ji ihun uwarta: yarinya ta sanƙare, idanu sun kakkafe. Na saɓe ta a kafaɗa na fita babu takalmi, ruwa na zuba, na tsayar da ɗan kabu-kabu. A asibiti aka sa mata ruwa, aka ce zazzaɓin ne ya yi tsanani. Ma'aikaciyar ta tambaye ni tun yaushe jikin ya yi zafi. Na ce tun safe. Ta dubi hannuna jajaye, ta dubi fuskata, ta ci gaba da aikinta. Allah Ya tashi kafaɗun yarinyar bayan kwana 4. Ba dabarata ba ce.

Ku lura da kalmar da ta kusa kashe mini ɗiya: "bari in ƙarasa". Duk mai aikin hannu ya san ta. Aikin sha'awa ba shi da ƙararrawar tashi kamar lakwal, kullum akwai sauran ɗinki ɗaya, sauran layi ɗaya, sauran gyara kaɗan. In ba kai ka yanke masa iyaka tun kafin ka zauna ba, shi ba zai yanke wa kansa ba.

Da muka dawo gida sai na yi kuskure na gaba, wanda a lokacin na ɗauka tuba ne. Na kwashe kayan duka na zuba a akwati, na rantse na bari. Shekara 6 ban taɓa fata ba. Mutane suka ce Malam ya natsu. Amma mutanen gidana sun san wani abu daban: na zama mai faɗa. In yaro ya zubar da ruwa sai in yi ta sababi. Ina zaune tsakar gida amma zuciyata ba ta nan, ina latsa waya har dare ya raba, lokacin da na hana wa fata bai koma ga iyalina ba, ya tafi a banza. Can ƙasan raina kuma ina ganin kamar su ne suka raba ni da abin da nake so, alhali babu wanda ya ce in bari.

Wani tsohon baduku da ke zama kusa da masu sirdi a kasuwa, wanda ya san kakana, shi ya kira ni wata Lahadi. Ya ce, "Ɗana, na daina ganinka wajen fata." Na ba shi labari duka, har na asibiti. Ya yi shiru yana goga zare da kakin zuma, sannan ya tuna mini abin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i lokacin da ya same shi ya duƙufa ga ibada ya bar iyali: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Tsohon ya ce da can na danne haƙƙin iyali, yanzu kuma na danne na raina, duka biyun zalunci ne. Na ce, "To Baba, ƙaƙa zan yi?" Ya ce in koma gida in tambayi mai gidan, yana nufin matata.

Na tambaye ta. Wannan zaman shi ne abin da ya kamata in yi tun ranar da na buɗe tsumman kakana. Muka yanke: Asabar daga hantsi zuwa kiran azahar tawa ce, ba aike, ba cefane, sai in rashin lafiya ce ko rasuwa. Da ladan ya kira, basilla ta koma akwati ko da ɗinki ɗaya ya rage. Kuɗi kuma jika 5 a wata, daga albashi, a gabanta nake cirewa, in sun ƙare sun ƙare. Ita ma ta ce tana son yammacin Lahadi don Islamiyya da ziyarar ƴan'uwa, in zauna da yara. Sai a ranar na gane shekara da shekaru ita ba ta da ko awa ɗaya da za ta kira tata, ni kuma ina ta kukan an hana ni.

Awa huɗu a mako kaɗan ne, na sani. Amma awa huɗun da aka ba ka da yardar rai sun fi dare goma na sata auki, don ba ka aiki kunnenka na bakin ƙofa. Kuma ƙarancin lokacin ya koya mini zaɓe. Na bar jima har abada, na bar wa majema abinsu, ina sayen jemammiyar fata a hannunsu. Na koma ga aikin da ake iya ajewa a dawo a same shi yadda aka bar shi: yanka, huda, ɗinki, ado. Rini sai cikin babban hutu, tsakanin Yuli da Satumba, shi ma da safe. Daga watan Mayu har a gama jarrabawa ba na buɗe akwatin ko kaɗan. Ku ma ku duba abin da kuke yi, ku raba wanda ke jira da wanda ba ya jira. Mai aikin albashi ko mai goyo bai kamata ya ɗauko abin da zai lalace in an kira shi ba.

Sai maganar sayarwa, don na san za a ce muku, "Kai da ka iya wannan, mi ya hana ka mai da shi kuɗi?" Na gwada. Na karɓi kuɗin mutane na takalma da jakunkuna kafin wata ƙaramar salla, na yi alkawarin rana. Cikin mako biyu na koyi ƙaryar da ban taɓa yi ba, "gobe in sha Allah", ina kauce wa layin wani don kada mu haɗu. Abin da nake gudu wurinsa in huta ya zama bashi na biyu a wuyana. Na je Yamai na ga dukawan unguwar Wadata da na gidan tarihi na Boubou Hama, waɗanda sana'ar ce cinsu da shansu. Daga safe har yamma suna kai, suna da yara masu koyo, sun san inda za su kai kaya. Wannan rayuwa ce sukutum, ba abin da ake yi a gefen aji ba. In kana son ka koma can, ka koma da shiri da shawarar iyalinka, ba laifi. In kuwa ba haka ba, kada ka karɓi kuɗin kowa kan abin da ba ka gama ba. Ni yanzu sai na gama abu, in wani ya gani yana so in sayar, in ba haka ba in bayar kyauta.

Gafakar da na fara bayan na dawo, wata 7 ta ɗauke ni. Ja ce, da bakin baƙi na kuloko, da igiyar rataya da na kitsa da silin fata huɗu. Babban ɗana ya sa Alƙur'aninsa ciki ranar saukarsa. Ɗiyar nan kuwa da na saɓa cikin ruwan sama, yanzu ta kai aji na uku a kwaleji. Asabar ɗin da ta wuce ta zauna gefen tabarmata tana riƙe mini bakin fata, ta ce, "Baba, ba ni in huda wannan." Na miƙa mata basillar, na nuna mata yadda ake kafa babban yatsa a bayan fata nesa da tsini. Ta huda uku, na huɗu ya kauce. Muna cikin gyarawa aka kira azahar, ta dube ni, na ce ta naɗe kayan mu tashi.