Boris ɗin baya na Golf da notin da aka ɗaure fiye da kima

Motata Golf 3 ce, irin wadda ta daɗe tana aikin tasi a Kano da Zariya, kuma boris ɗinta na baya, wato zoben ƙarfen nan da ke tsakiyar taya yana sa ta juyawa sumul, ba irin na motocin zamani ba ne da suke zuwa a rufe, waɗanda sai dai a sauya su baki ɗaya idan sun fara kuka. Nata biyu ne a kowace taya, na ciki da na waje, ana fito da su a wanke a cika su da giris, kuma noti guda ne yake riƙe da su.

Bayan damina na yanke shawarar yin aikin da hannuna, domin motar ta sha ratsa ruwa, shi kuwa ruwa idan ya samu hanya yakan mayar da giris kamar kunu. Ɓangaren dama bai ba ni wahala ba. Na wanke boris ɗin da kalanzir, na bar su suka bushe, na riƙa tura giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, sannan na sa sabuwar robar da ke tare giris ɗin, domin idan ta tsufa giris yakan zubo kan lainin birki.

A hagu ne na ga abin da har yau yake ɓata mini rai. Da ƙyar sifana mai lamba 24 ta kwance notin, alhali noti ne da bai kamata ya yi gardama ba. Boris ɗin waje ya yi shuɗi saboda zafi, giris ɗin ya ƙone ya daskare, kuma ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa ya ci har farce yana maƙalewa. Wanda ya gyara mini birki kafin damina shi ne ya ɗaure notin iya ƙarfinsa, kamar yana ɗaure notin taya. Aikin da na yi wa kasafin gwangwanin giris ɗaya ya kai ni kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman boris da ƙarfen gaba ɗaya.

Irin wannan boris yana bukatar ɗan sarari. Ana ɗaure notin ne ana juya tayar har komai ya zauna, sannan a sassauta shi, a sake matsawa a hankali har ya zama washar da ke bayansa tana motsi idan aka tura ta da bakin sukundireba da ƙarfin yatsa kawai, ba tare da an ɓanɓare ta ba. Daga nan sai a sa murfin notin da sabon fin, wato ɗan siririn ƙarfen da ke hana notin kwancewa, kada a mayar da tsohon da aka riga aka lanƙwasa. Giris komai kyansa ba ya ceton boris ɗin da aka shaƙe.

Kada kuma a zuba sabon giris a kan tsohon da ba a san irinsa ba, domin wasu ba sa jituwa, sukan narke idan sun haɗu. Yanzu duk wanda ya buɗe mini birkin baya, ina tsaye a kansa har ya ɗaure notin nan, kuma bayan ɗan gudu nakan tsaya in taɓa tsakiyar tayoyin biyu in ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi.